Yadda Ma'aikaciyar Jinya Ke Ba Yaro Maganin Kemo

Maganin kemo da ake ba yaro mai ciwon daji yana bi ta hannun mutane da dama kafin ya isa jikinsa. Likita ne ke rubuta shi, masanin magunguna ne ke haɗa shi, amma ma'aikaciyar jinya ce ke tsaye a bakin gado da sirinji ko ledar ƙarin ruwa a hannunta, kuma duk kuskuren da ya wuce ta ya shiga jinin yaro ke nan, babu hanyar janyo shi. Magungunan nan suna kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa, na ciwon da na lafiyayyen jiki baki ɗaya, saboda haka tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da adadin da ke halakarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A ganina, mafi girman abin da ke wuyan mai wannan aiki, mace ce ko namiji, shi ne tabbatarwa kafin bayarwa, da ƙarfin halin dakatar da komai idan wani abu bai yi daidai ba.

Aikin ya cancanci wannan tsanani domin ciwon daji na yara yana warkewa. A 1948 ne Dakta Sidney Farber ya nuna a birnin Boston na Amurka cewa magani zai iya kwantar da kansar jini a jikin yara na wani lokaci, kuma daga nan aka yi ta gina tsare-tsaren da ake bi a yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a kowace shekara, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa a ƙasashe masu arziki, alhali a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi adadin bai kai kashi 30 ba. Daga cikin abubuwan da ke haifar da wannan giɓi akwai mutuwa sakamakon illar maganin kansa da kuma daina zuwa asibiti kafin a kammala, kuma a duka biyun ma'aikaciyar jinya tana da abin yi.

Awo da lissafi kafin a taɓa magani

Farkon aiki shi ne a auna yaron a ranar da za a ba shi magani, nauyinsa da tsawonsa, ba tare da takalmi ko kaya masu nauyi ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan kimar ido ba ta wadatarwa, haka kuma awon watan jiya, domin yaron da ke shan kemo yana iya ramewa ko ya kumbura cikin makonni kaɗan. Yawancin magungunan ana lissafa su ne bisa faɗin fatar jiki da murabba'in mita. Hanyar da aka fi amfani da ita, wadda ake kira lissafin Mosteller, ita ce a ninka tsawo da santimita da nauyi da kilo, a raba da 3600, sannan a fitar da tushen murabba'in abin da ya fito. Yaro mai tsawon santimita 110 da nauyin kilo 20 zai ba da kimanin murabba'in mita 0.78. Idan an rubuta masa maganin kemo mai suna binkiristin a kan miligiram 1.5 ga kowane murabba'in mita, abin da zai samu shi ne kimanin miligiram 1.2, kuma a yawancin tsare-tsare wannan magani ba ya wuce miligiram 2 a bayarwa ɗaya komai girman yaron. Jarirai kuwa sau da yawa da nauyinsu ake lissafa musu, domin lissafin faɗin fata yakan ba su fiye da abin da jikinsu zai ɗauka.

Ma'aikaciyar jinya ta yi wannan lissafi da kanta, kada ta dogara da cewa likita ya riga ya yi. Sannan wata abokiyar aikinta da ita ma aka horar kan kemo ta sake yi a keɓe, ba tare da ta ga amsar ta farko ba, daga baya su haɗa. Dalilin keɓewar shi ne idan mutum ya ga amsa a rubuce, idonsa yakan yarda da ita tun kafin ƙwaƙwalwarsa ta bincika. Kuskuren da ya fi ban tsoro a nan shi ne na ɗigon lamba, inda 1.2 zai koma 12, shi ya sa ake rubuta 0.5 da sifili a gaba, kuma ba a rubuta 5.0 da sifili a baya. Abin da za su tabbatar tare ya haɗa da cikakken sunan yaro da lambar asibitinsa kamar yadda suke a abin hannunsa, sunan tsarin maganin da zagayen da ake ciki da ranar da ake ciki a zagayen, sunan magani da adadinsa, hanyar da zai bi, tsawon lokacin da zai ɗauka, da lokacin da haɗin zai lalace. A ɗakin yara ana yawan samun masu suna iri ɗaya, kuma ƙaramin yaro zai amsa duk sunan da aka kira shi da shi, don haka amsawarsa ba hujja ba ce.

Bayan takarda sai sakamakon jini. Kowane tsari yana da iyakar da ya gindaya ga fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta da ake kira nutirofil, da ƙwayoyin daskarar da jini, da aikin ƙoda da hanta, kuma ma'aikaciyar jinya ta duba sakamakon ranar ta gwada shi da iyakar da ke rubuce a tsarin yaron. Akwai matakai, kamar farkon maganin kansar jini, da ake ci gaba ko da ƙwayoyin sun yi ƙasa, saboda haka haddar ƙa'ida guda ba ta isa ba, sai an karanta. Sannan ta dubi yaron kansa: zafin jikinsa, bugun zuciya da hawan jini, cikin bakinsa ko akwai gyambo, yadda yake tafiya, da yaushe rabonsa da bayan gida. Uwa ta fi kowa sanin ɗanta, kuma tambaya irin ta "Mama, tun zuwanku na baya me kika ga ya canza a jikinsa?" takan fito da abin da gwajin jini ba zai nuna ba, kamar cewa yana jan ƙafa ko yana kukan ciwon muƙamuƙi, waɗanda alamu ne na illar binkiristin ga jijiyoyin motsi da ji. Idan wani abu ya saɓa, ta ajiye maganin ta kira likita ta faɗa masa a sarari: "Likita, adadin da na lissafa bai yi daidai da na takarda ba, ba zan rataya ba sai mun duba tare." Jinkirin rabin awa ba ya ɓata magani, kuma likitan kirki godiya zai yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kare kai da shirin gaggawa

Magungunan kemo suna iya cutar da wanda ke taɓa su kullum, ta fata ko ta numfashi, kuma wasunsu suna illa ga ciki da haihuwa. Ana sa safar hannu biyu irin waɗanda aka gwada da waɗannan magunguna, ana canza su kamar kowane minti 30 ko nan take idan sun yage ko magani ya taɓa su, tare da riga mai dogon hannu da ke rufe gaba wadda ruwa ba ya ratsawa, da abin kare ido da fuska idan akwai yiwuwar fantsama. Ba a cika bututun ƙarin ruwa da maganin kansa a bakin gado, da ruwan ƙari wanda ba a haɗa da magani ba ake cika shi. Kayan tsaftace zubewa su kasance a wurin da kowa ya sani, kuma duk abin da ya taɓa magani ya shiga kwandon sharar kemo na musamman. Ma'aikaciyar da ke da ciki ko take shayarwa ta sanar da shugabar sashe tun da wuri domin a sauya mata aiki.

Kafin a fara, a lissafa magungunan gaggawa bisa nauyin yaron a rubuta a manna a jikin gadonsa. Asfarajinas da etofosaid suna cikin magungunan kemo da ke iya tayar da mummunan borin jiki cikin mintuna, kuma lokacin da yaro ke shaƙewa ba lokacin lissafi ba ne. Ga yaron nan mai kilo 20, allurar adirenalin a tsokar cinya a kan miligiram 0.01 ga kowane kilo ita ce miligiram 0.2, kuma ya kamata wannan lamba ta riga ta kasance a rubuce. Maganin hana amai, irin su ondansetiron, ana ba da shi kamar minti 30 kafin kemo, domin hana amai ya fi tsayar da shi sauƙi, kuma yaron da ya sha wahalar amai a zagayen farko yakan fara jin tashin zuciya tun daga ƙofar asibiti a zagaye na gaba.

Jijiya

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin nan ne hannun ma'aikaciyar jinya ke yin aikin da babu wanda zai yi mata. Wasu magunguna, musamman binkiristin da dokzorubisin da daunorubisin, idan suka fita daga jijiya suka shiga nama suna ƙona shi, har ya kai ga gyambon da sai an yi tiyata, ko hannu ya nakasa. Yara da yawa ana sa musu bututu mai zuwa babbar jijiyar ƙirji, ko dai mai fitowa waje ko wanda ake binnewa ƙarƙashin fata ana huda shi da allura ta musamman. Ga irin wannan na biyu, man kashe zafi da ake shafawa kamar awa ɗaya kafin huda yana rage wa yaro tsoro sosai. Idan kuwa ƙaramar jijiyar hannu za a yi amfani da ita, a sa sabuwar kanula, wato ɗan siririn bututun roba da ake sakawa cikin jijiya, a damtsen hannu na ƙasa, a guji gaɓoɓi irin su wuyan hannu da lanƙwasar gwiwar hannu, kuma kada a sa ta ƙasa da wurin da aka huda aka kasa a ranar, domin maganin zai iya tsiyaya ta tsohuwar hudar. A rufe wurin da filasta mai nuna abin da ke ƙasa. Naɗe hannun yaro da bandeji har wurin ya ɓuya yana hana a ga kumburi sai ya yi nisa.

Kafin digo ɗaya na magani ya shiga, a ja sirinji a ga jini ya dawo, sannan a tura ruwan gishiri a ga yana tafiya ba tirjiya, ba kumburi, ba zafi. Idan ana tura mai ƙona nama da hannu, a riƙa tsayawa bayan kowane mililita 2 zuwa 5 ana sake duba dawowar jini, ido na kan wurin allurar har a gama. Babban yaro a ce masa, "Ƙanena, idan ka ji zafi ko raɗaɗi a nan, ko kaɗan ne, ka faɗa mini nan take, ba zan yi fushi ba." Ƙaramin da bai iya magana ba kuwa, kukansa ne bayaninsa, kuma dole a rarrabe kukan tsoro, wanda ke farawa tun ganin farar riga, da kukan da ya sauya sauti daidai lokacin da magani ya fara shiga yaron yana janye hannu. Irin wannan na biyu a ɗauke shi a matsayin fitar magani har sai an tabbatar da akasin haka.

Idan ana zargin magani ya fita, a tsayar nan take, a bar kanular a wurinta, a sa sirinji a zuƙo duk abin da za a iya zuƙowa, kuma kada a tura ruwa domin wankewa, don hakan yaɗa maganin yake yi cikin nama. A zagaye wurin da alƙalami, a ɗaga hannun, a kira likita. Abin da za a ɗora a kai ya dogara da maganin: dangin dokzorubisin sanyi ake sa musu, kuma suna da makari mai suna dekzirazokzan da ake farawa cikin awa 6, dangin binkiristin kuwa ɗumi ake sa musu tare da allurar hiyaluronidas, kuma sanyi yana ƙara musu ɓarna. Wanda ya juya waɗannan biyu ya ƙara wa yaro rauni da hannunsa, don haka a manna jadawalinsu a cikin akwatin kayan.

Akwai kuskure guda da ya kamata kowace ma'aikaciyar wannan sashe ta ji tsoronsa fiye da sauran. Yara masu kansar jini ana yi musu allura ta baya zuwa cikin ruwan laka, da metotireksat ko sitarabin ko haidirokotison, kuma sau da yawa ranar tana haɗuwa da ranar binkiristin. Binkiristin ta jijiya kaɗai ake ba da shi. Idan ya shiga ruwan laka kusan kullum mutuwa ce, bayan shanyewar jiki mai hauhawa, kuma hakan ya faru a asibitocin ƙasashe daban-daban saboda sirinji biyu sun zauna a faranti ɗaya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi ta ba da shawarar a riƙa haɗa shi a ƙaramar ledar ƙarin ruwa maimakon sirinji, domin da wuya a yi kuskuren jona leda da allurar baya. Duk da haka, kada binkiristin ya shiga ɗakin da ake allurar baya ko kusa, kuma a raba lokacin isowar magungunan biyu.

Yayin da magani ke shiga da bayansa

Kowane magani yana da abin da ake sa wa ido. Etofosaid idan ya yi sauri yana faɗar da hawan jini, don haka ba a ba shi ƙasa da minti 30 zuwa 60. Bayan asfarajinas ana riƙe yaro a ƙarƙashin kulawa na aƙalla awa ɗaya, kuma ciwon ciki mai tsanani a kwanakin da ke biye yana iya nuna kumburin fankiriyas, wato gaɓar cikin ciki mai sarrafa sukari. Saikulofosfamaid da ifosfamaid suna iya sa mafitsara zubar jini, shi ya sa ake haɗa su da ruwa mai yawa da maganin mesna, ana auna fitsari ana duba launinsa. Sisfilatin yana taɓa ƙoda da ji. Dokzorubisin yana mai da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, kuma idan ba a faɗa wa iyaye tun da farko ba za su ɗauka jini ne, sannan ana tara jimillar abin da yaro ya samu a rayuwarsa domin illarsa ga zuciya taruwa take yi.

Metotireksat mai yawan adadi yana bukatar tsayuwar daka ta kwanaki. Ba a fara shi sai tsamin fitsari ya ragu, wato awonsa na pH ya kai 7 ko sama, ana ci gaba da ruwa dare da rana, ana ɗibar jini a sa'o'in da tsari ya ƙayyade domin ganin yadda yake fita, kuma maganin ceto mai suna lukoborin dole ya shiga a kan sa'arsa ko da ƙarfe ukun dare ne. Wasu magunguna na yau da kullum, irin su ibufirofen da kotirimokzazol, suna hana shi fita ko su ƙara masa guba, don haka a binciki duk abin da yaron ke sha. A farkon maganin ciwon da ke saurin girma, kamar limfomar Burkitt ko kansar jini mai yawan fararen ƙwayoyi, ƙwayoyin ciwon suna fashewa da yawa lokaci guda su cika jini da fotasiyam da fosfet da sinadarin yurik, abin da ke iya tsayar da ƙoda ko zuciya. A wannan lokaci ba a sa fotasiyam a ruwan da ake ƙara masa, kuma raguwar fitsari labari ne da za a kai wa likita nan take.

Har tsawon awa 48 bayan magani, fitsarin yaro da amansa da bayan gidansa suna ɗauke da ragowarsa. A koya wa mai jinya ta sa safar hannu wajen canza ƙunzugu, ta riƙa canzawa da wuri domin kada fatar yaron ta sale, ta kuma wanke kayan da suka ɓaci daban. Komai da aka yi a rubuta shi a lokacin: sa'ar farawa da ta gamawa, jijiyar da aka yi amfani da ita, dawowar jini, sunayen waɗanda suka tabbatar, da duk abin da yaron ya nuna.

Abin da iyaye za su tafi da shi gida

Haɗari mafi girma yakan zo ne bayan an sallami yaro, tsakanin kwana 7 zuwa 14 da karɓar magani, lokacin da ƙwayoyin jininsa ke kai wa ƙarshen faɗuwarsu. A wannan lokaci zazzaɓi kaɗai na iya zama alamar cutar da za ta kashe shi cikin sa'o'i. Ma'aikaciyar jinya ta tabbatar akwai ma'aunin zafi a gidan kuma an iya karanta shi, ta sa uwar ko uban su gwada a gabanta. Zafin da ya kai digiri 38.3 sau ɗaya, ko 38 da ya tsaya awa guda, yana nufin a taho asibiti nan take ko da tsakar dare, ba tare da an ba da farasitamol an jira safiya ba, kuma wasu cibiyoyi suna cewa a taho da zarar ya kai 38. Idan sun iso, burin shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jijiya cikin minti 60. Ba a auna zafin irin wannan yaro ta dubura, ba a kuma sa masa magani ta nan. A gaya musu su sanar da asibiti idan ya yi cuɗanya da mai ƙyanda ko ƙarambau, kuma kada a yi masa wata allurar rigakafi sai da sanin likitansa.

Magungunan sha na gida su ma kemo ne. A matakin ƙarshe na maganin kansar jini, wanda ke sa jimillar jinyar ta kai shekara biyu ko fiye, yaro yana shan markaftofurin kullum, metotireksat kuma sau ɗaya a mako, kuma an sha samun mummunar guba saboda an ba da na mako kullum. A rubuta ranar makon da manyan baƙaƙe a jikin kwalbar. A wannan mataki ne kuma gashi ke dawowa, yaro ya koma wasa, iyaye su ga kamar an gama, ga gajiya ga nisan hanya, sai a fara tsallake ranakun asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta faɗa musu tun kafin a kai nan cewa ƙwayoyin ciwon da suka rage ba sa ganuwa a ido ko a gwajin jini na yau da kullum, kuma su ne ake bi da wannan dogon magani. Tambayar "Kun gane?" kusan kullum amsarta "E" ce, saboda kunya ko gajiya, don haka gara a ce, "Baba, idan jikinsa ya yi zafi da ƙarfe biyun dare, faɗa mini abin da za ka yi." Idan amsar ta cika, a miƙa musu takarda mai ɗauke da sunan ciwon, maganin da aka ba shi yau, ranar dawowa, da lambar wayar sashen da ake ɗauka dare da rana, sannan a rubuta sunan yaron a littafin waɗanda za a kira idan ranar ta zo ba a gan su ba.